Lanckorona, Birnin da Ya Koma Ƙauye: Kundin Aikin Rubuta Tarihinsa

9 ga Maris, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta inda aka kwana a aikin da na ɗauka, wato rubuta ɗan littafi da Hausa a kan tarihin Lanckorona, wani ƙauye da ke kudancin ƙasar Poland, kimanin kilomita 30 kudu maso yamma da Krakow, a gundumar Wadowice. Mazauna cikinsa a yau kimanin mutum 2,000 ne, kuma a takardun hukuma ƙauye ne, amma ya shafe fiye da shekara 550 yana riƙe da matsayin birni, da majalisarsa, da kotunsa, da kasuwarsa, da kuma sansanin sarki a kan dutsen da ke bisansa. Tambayar da littafin zai amsa ita ce abin da ya mayar da wannan wuri birni tun farko, da abin da ya raba shi da matsayin daga baya.

Ƙauyuka irin wannan suna da yawa a Poland, kuma akasarinsu labarinsu ɗaya ne. Bayan da Rasha ta murƙushe tawayen 1863 zuwa 1864, gwamnatin Sarki Alexander na Biyu ta ƙwace matsayin birni daga garuruwa fiye da 330 cikin kimanin 450 da ke yankin da take mulka, a tsakanin 1869 da 1870. Da a cikinsu na zaɓi guda, da amsar ta zo da sauƙi, domin umarni ne daga sama. Lanckorona kuwa a lokacin tana hannun Ostiriya, wannan umarni bai shafe ta ba, kuma gwamnatin Poland mai 'yanci ce da kanta ta sauke ta daga matsayin a shekarun 1930. Wannan ne ya sa na zaɓe ta, domin dole sai an nemi dalilin a cikin rayuwar garin, ba a fadar wani mai mamaya ba.

30 ga Maris, 2024

Na kammala daftarin babi na farko, wanda ya ƙunshi kafuwar garin. Jigon babin shi ne iyaka. A farkon ƙarni na 14 sarakunan yankin Silesiya sun yi mubaya'a ga sarkin Bohemiya ɗaya bayan ɗaya, har da masarautar Oswiecim a 1327, kuma a yarjejeniyar Trenczyn ta 1335 Sarki Kazimierz na Uku, wanda ya mulki Poland daga 1333 zuwa 1370, ya amince ya janye iƙirarinsa a kan Silesiya. Sakamakon haka shi ne iyakar ƙasar ta yamma ta matso har ta zama tafiyar yini guda daga Krakow, babban birnin masarautar, kuma dutsen Lanckorona, mai tsayin kimanin mita 545 daga doron teku, yana tsaye daidai bakin wannan iyaka. Sarkin ya gina sansanin dutse a ƙololuwarsa, an kafa majami'ar Yahaya Mai Baftisma a gangarensa a 1336, sa'annan a shekarun 1360 ya ba mazaunin da ke ƙarƙashin sansanin takardar zama birni.

Mutanen Poland suna cewa wannan sarki ya tarar da ƙasar ta itace ce, ya bar ta ta tubali, saboda yawan sansanoni da ganuwoyin da ya gina. Na sa wannan magana a babin, amma na bi ta da abin da take ɓoyewa, wato cewa sansani ba ya ciyar da kansa. Dakarun da ke cikinsa suna bukatar mai gasa burodi, da maƙeri, da mahauci, da mai ɗinka takalmi, kuma sarki yana bukatar harajin da zai riƙe su. Saboda haka bukatar tsaro ce ta haifi birnin, ba cinikin da ya riga ya haɓaka a wurin ba, kuma a ganina duk abin da ya biyo baya yana da tushe a nan.

21 ga Afrilu, 2024

Babi na biyu ya fi ɗaukar lokaci, domin sai mai karatu ya fahimci abin da zama birni yake nufi a wancan zamani kafin ya gane girman rashinsa. Ba yawan jama'a ke mayar da wuri birni ba, takarda ce daga sarki ko daga mai ƙasar, wadda ke ɗora mazaunin a kan dokar Magdeburg, wani tsarin shari'a da mulkin gari da ya samo asali daga birnin Magdeburg na Jamus, wanda Krakow kanta ta karɓa a 1257. Da zarar an ba da takardar, sai a auna fili, a fitar da dandalin kasuwa a tsakiya, a yanka filaye masu ƙunci ta fuskar dandali da tsawo ta baya, domin kowane gida ya samu ƙofa a bakin kasuwa. Akan ɗauke wa sababbin mazauna haraji na wasu shekaru har su kafu. Akan naɗa shugaban gari, wanda da farko sarautarsa ta gado ce, yana yanke shari'a tare da wasu zaɓaɓɓun mutanen garin, daga baya kuma majalisa da magajin gari suka karɓi yawancin al'amuran yau da kullum. Masu sana'a sukan haɗu a ƙungiyoyi, kowace tana tsara wanda zai koyi sana'ar, da wanda zai buɗe shago, da ingancin kayan da za a sayar.

Abin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne mutumin birni ɗa ne mai cin gashin kansa, alhali manomin ƙauye yana ta ƙara shiga ƙangi. Dokar Piotrkow ta 1496 ta taƙaita wa manoma barin ƙauyukansu, kuma a 1520 an wajabta musu yi wa mai ƙasa aikin gona kyauta aƙalla yini ɗaya a mako, abin da ya riƙa ƙaruwa a ƙarnukan da suka biyo. Wanda ke zaune a bakin dandalin Lanckorona yana iya kasancewa manomi kamar maƙwabcinsa na ƙauyen da ke gindin dutse, da gonarsa da shanunsa, amma a gaban shari'a ba ɗaya suke ba. Sai dai ita wannan doka ta 1496 ta kuma hana mutanen birni sayen manyan filayen karkara, ta bar wannan dama ga masu sarauta kaɗai, wanda hakan ya sa ƙananan birane suka rasa hanyar girma. Na ba wannan batu shafuka da dama, kuma ba ni da niyyar rage su.

12 ga Mayu, 2024

Na ziyarci garin domin in fara zana taswirar da za ta shiga littafin. Dandalin kasuwar yana nan a yadda aka auna shi tun ƙarni na 14, amma a kan gangare yake mai tsauri, har mutum yakan ji hawan a gwiwarsa idan ya bi shi daga ƙasa zuwa sama. Gidajen da ke kewaye da shi na katako ne, marasa bene, masu rufin da ya zarce bango sosai har ya zama rumfa ga mai wucewa, kuma da yawansu suna da babbar ƙofa wadda keken doki zai iya shiga da kayansa har tsakar gida. Ba na zamanin Kazimierz ba ne, an gina su ne bayan gobarar da ta cinye garin a ƙarshen shekarun 1860, amma a kan tsoffin filayen aka mayar da su. A ɗaya daga cikin tsoffin gidajen akwai ƙaramin gidan tarihi mai ɗauke da kayan aikin gida da na sana'a.

Daga dandalin hanya ta haura ta gefen majami'a, ta ratsa daji zuwa kangon sansanin, inda ba abin da ya rage sai bangaye da guntayen hasumiyoyi. Daga wannan dutse ana hangen abubuwa biyu da babu takardar da za ta bayyana su kamar yadda ido ya gan su: babbar hanyar mota da layin dogo suna bin kwari can ƙasa, kuma garin Kalwaria Zebrzydowska yana zaune a bakinsu. Na yanke shawarar taswirar ta nuna tudu da kwari, ba tituna kawai ba.

2 ga Yuni, 2024

Babi na uku gajere ne. Sansanin da ƙasar da ke kewaye da shi mallakar sarki ne, amma sarakuna kan ba da su jingina ga manyan fadawa. A zamanin Sarki Wladyslaw Jagiello sun shiga hannun Zbigniew na Brzezie, wanda ya yi yaƙi a Grunwald, inda Poland ta kara da mayaƙan Jamus a 1410, kuma zuriyarsa suka ɗauki sunan Lanckoronski daga sunan garin. Sunan ya yi nisa fiye da garin: Karolina Lanckoronska, masaniyar tarihin zane wadda ta tsira daga sansanin fursunoni na 'yan Nazi a Ravensbruck, ta ba ƙasar Poland kyautar zane-zanen gidansu a 1994, ciki har da biyu na mai zane ɗan ƙasar Holan Rembrandt da ke fadar Warsaw a yau. Na taƙaita labarin zuriyar a shafi biyu, domin ba labarin mutanen dandalin ba ne. Abin da ya shafe su shi ne cewa Poland ta sayi masarautar Oswiecim a 1457, ta sayi ta Zator a 1494, ta haɗe su da sauran ƙasar a 1564, ta haka iyaka ta ja da baya zuwa yamma, sansanin kuma ya wayi gari yana tsaron hanyar da ba ta fuskantar barazana.

7 ga Yuli, 2024

Wata guda na yi a kan babi na huɗu, kuma shi ne zuciyar littafin. A ƙarshen ƙarni na 16 hakimcin Lanckorona yana hannun Mikolaj Zebrzydowski, wanda daga baya ya zama gwamnan lardin Krakow, mutumin da tarihin Poland ya fi tunawa da shi saboda boren da ya jagoranta a kan Sarki Zygmunt na Uku daga 1606, wanda dakarun sarki suka karya a Guzow a 1607. Amma abin da ya yi wa Lanckorona ya fi boren daɗewa. Labarin baka yana cewa daga tagar sansanin ne matarsa ta hango gicciye uku na wuta a kan dutsen Zar da ke fuskantarsu. Abin da takardu suka tabbatar shi ne a 1600 ya fara gina ɗakin ibada a kan wannan dutse, a 1602 ya miƙa wurin ga sufayen ɗariƙar Bernardine, sa'annan aka shimfiɗa hanyoyi da ɗakunan ibada a tsakanin duwatsun bisa fasalin birnin Ƙudus, yadda Kiristan da ba zai iya zuwa can ba zai yi ziyararsa a gida. Gangaren dutsen Lanckorona ya zama Dutsen Zaitun a wannan tsari, rafin da ke tsakani kuma aka sa masa suna Cedron. Ɗakunan ibadar sun kai fiye da 40, kuma hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Masu ziyara suna bukatar masauki da abinci, saboda haka a 1617 Zebrzydowski ya kafa sabon birni a gindin wurin ibadar, wanda a yau ake kira Kalwaria Zebrzydowska, 'yan kilomita kaɗan daga Lanckorona. Hakimin da ke zaune a sansanin Lanckorona shi ne da hannunsa ya dasa mata abokiyar gogayya a wurin da ya fi sauƙin isa, ya kuma ba ta abin da Lanckorona ba ta taɓa samu ba, wato jama'ar da ke zuwa da ƙafarsu kowace shekara ba tare da umarnin sarki ba. A daidai wannan zamani kuma fadar sarki ta ƙaura daga Krakow zuwa Warsaw. Ba na zargin Zebrzydowski da mugun nufi, domin abin da ya gina ya rayu shekara 400 yana amfanar yankin gaba ɗaya, amma na rubuta a fili cewa daga 1617 gari biyu ne ke neman kasuwa ɗaya, kuma wanda ke kan dutse ne zai sha wuya. Mamayar sojojin Suwidin a 1655, wadda ta taɓa sansanin kamar yadda ta taɓa yawancin ƙasar, ta zo ne ta tarar da gari wanda ƙarfinsa ya riga ya fara raguwa.

18 ga Agusta, 2024

Duk ɗan Poland da na ambata wa Lanckorona, idan ya san wani abu game da ita, yaƙin 1771 zai fara kawowa. A 1768 wasu masu sarauta suka ƙulla ƙawance a garin Bar domin yaƙar katsalandan ɗin Rasha da kuma Sarki Stanislaw August Poniatowski, wanda ya hau gadon mulki a 1764 da goyon bayan Sarauniya Catherine ta Biyu. Sansanin Lanckorona ya zama ɗaya daga cikin matsugunansu a kudu, tare da Tyniec da Czestochowa. A watan Fabrairu na 1771 kwamandan Rasha Alexander Suvorov ya kai wa sansanin hari, masu tsaronsa suka kore shi, abin da ba kasafai yake faruwa da wannan kwamanda ba. A watan Mayu ya dawo, ya tarwatsa rundunar ƙawancen a filin da ke kusa da garin cikin ɗan lokaci, tana ƙarƙashin hafsan Faransa Charles Dumouriez, wanda daga baya ya yi suna a yaƙe-yaƙen juyin juya halin ƙasarsa. Sansanin dai bai faɗi a hannun Rasha ba, ya ci gaba da tsayawa har 1772, lokacin da sojojin Ostiriya suka shigo, kuma a watan Agustan shekarar Rasha da Ostiriya da masarautar Jamusawa ta Furusiya suka yi rabon farko na ƙasar Poland.

Wata abokiyar karatu 'yar ƙasar, wadda ke taimaka mini da tsofaffin rubuce-rubucen Polanci, ta ba da shawarar in buɗe littafin da wannan yaƙi domin ya ja hankali. Na gode mata, amma na bar shi a matsayinsa, rabin babi na biyar. Yaƙin sansanin ne, ba na garin ba, kuma rabon mutanen dandalin a cikinsa shi ne ciyar da dakaru da jure ɓarna.

29 ga Satumba, 2024

Ragowar babi na biyar ya kammala, wato zamanin Ostiriya da saukar garin daga matsayinsa. A ƙarshen ƙarni na 18 gwamnatin Ostiriya ta gina babbar hanya da ta ratsa lardin Galisiya, wato yankin Poland da ya faɗa hannunta, daga Biala ta Wadowice da Kalwaria da Izdebnik zuwa Myslenice, ta bi kwari, ta bar Lanckorona a sama. Sansanin ya rasa aikin yi, aka rushe shi a ƙarni na 19, aka kwashe duwatsunsa. Gobara ta zo a ƙarshen shekarun 1860. A 1884 layin dogo daga Skawina zuwa Sucha ya bi kwarin shi ma, a 1888 aka haɗa Kalwaria da Bielsko, kuma tashar da ke ɗauke da sunan Lanckorona har yau, wato Kalwaria Zebrzydowska Lanckorona, a ƙasa take, nesa da dandalin. Kalwaria ta zama garin kafintoci, kujerunta da kabad ɗinta suna hawa jirgi zuwa manyan birane.

Bayan da Poland ta sake samun 'yanci a 1918, ta gaji tsarin ƙananan hukumomi iri uku daga masu mamaya uku, kuma dokar 1933 ce ta mayar da su ɗaya. A wannan gyara ne Lanckorona ta koma ƙauye, Kalwaria kuwa, wadda ita ma ta rasa matsayin a 1896, aka mayar mata da nata a 1934. Ra'ayin da na tsaya a kai a babin shi ne dokar ba ta kashe birni ba, ta rubuta abin da iyaka da maƙwabciya da hanya da layin dogo suka riga suka zartar. A lokacin ma bambancin da ya fi muhimmanci ya riga ya gushe, domin Ostiriya ta soke aikin tilas na manoman Galisiya tun 1848, ɗan birni da ɗan ƙauye sun zama daidai a gaban shari'a. Duk da haka ba zan rubuta shi kamar ƙaramin abu ba, domin jama'ar da kakanninsu suka yi ƙarni biyar da rabi suna kiran kansu mutanen birni sun ji zafin abin.

3 ga Nuwamba, 2024

Na fara babi na ƙarshe. Rashin kuɗi da rashin masana'antu su ne suka hana a rushe gidajen katakon a gina na siminti, kuma tun tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu mutanen Krakow suka fara hawowa hutun bazara, aka buɗe gidajen saukar baƙi. A yau masu yawon buɗe ido da masu zane da masu aikin yumɓu ne ke riƙe da dandalin, ana kuma yin bikin mala'iku a watan Disamba. Ƙauyen shi ne hedkwatar ƙaramar hukumarsa. Dutsen da ya ba shi asali yana da nasa haɗarin, domin a watan Mayu na 2010, bayan ruwan sama mai yawa, ƙasa ta zaftare a gangarensa ta lalata gidaje da dama, kuma zan ba wannan lamari wuri na musamman, tun da ya shafi mutanen da ke raye.

Akwai sashen da nake rubutawa yanzu a kan mayar da matsayi. A tsarin Poland na yau majalisar ministoci ce ke ba wuri matsayin birni, bayan an tuntuɓi mazauna, kuma yakan fara aiki ranar 1 ga Janairu. Wislica ta samu nata a 2018 da mutum kimanin 500, Opatowiec a 2019 da mutum ƙasa da 400, dukansu daga cikin waɗanda Rasha ta sauke. Lanckorona ta ninka su a yawan jama'a kuma tana nan a ƙauye, saboda haka sashen zai bayyana abin da ke canzawa da abin da ba ya canzawa idan aka yi irin wannan sauyi, ba tare da na zaɓa wa mutanen garin abin da ya dace da su ba.

Aiki biyu suka rage kafin ƙarshen shekara. Na farko shi ne in je ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Krakow in duba taswirorin filaye da Ostiriya ta auna a Galisiya a tsakiyar ƙarni na 19, domin in gwada filayen dandalin kafin gobara da yadda suke a yau, gida bayan gida. Na biyu shi ne in sake bin babi na biyu layi layi tare da wani malamin Hausa, mu daidaita kalmomin sarauta da na shari'a yadda za su zama iri ɗaya daga farkon littafin zuwa ƙarshensa.